Taron ɗalibai da 'yan kwana-kwana ta intanet: wa ya kamata a tallata wa?

Tambaya: Ina da ɗan kamfanin shirya taruka. Na tsara wani zama ta intanet inda 'yan kwana-kwana, ma'aikatan motar asibiti da 'yan sanda za su yi magana kai tsaye da 'yan firamare, su nuna musu kayan aiki, su koya musu yadda ake kiran agaji. Mako uku ke nan ina biyan kuɗin talla a Facebook, amma makarantu biyu kacal suka yi rajista. Ina matsalar take, kuma ta ina kuɗina zai dawo?

Amsa: Malama, ki dakatar da tallan nan tun yau. Shirinki mai kyau ne, kuma ina so ya tsaya da ƙafarsa, domin yaron da ya iya kiran agaji ya faɗi adireshin gidansu ba tare da ruɗewa ba yana iya ceton rai. Sai dai kin kai hajarki inda mai sayenta ba ya zuwa. Dokar Facebook ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi, to yaran ba sa can. Iyayen da suka ga tallan kuma ba su ne ke tsara jadawalin darussa ba. Mai cewa e ko a'a shi ne shugaban makaranta, mai tuna masa kuwa malamar aji.

Ki hango malamar nan ta buɗe saƙonki tana tsaye a bakin aji, saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa. Abin da take son sani kaɗan ne: wace rana, ƙarfe nawa, minti nawa zai ci, 'yan aji nawa aka yi wa, me za ta tanada. Idan amsar ita ce kwamfuta ɗaya, majigi da lasifika, ki faɗa mata haka a layin farko. Ki haɗa mata da takarda shafi guda mai tambayoyin da za ta yi wa yara kafin zaman da bayansa. Da zarar ta ga kin rage mata aikin shirya darasi, ita da kanta za ta kai maganar ofis, ta kuma gaya wa takwarorinta na wasu makarantu. Rajista ta zama ta aji, da sunan malami kaɗai. Kada ki karɓi sunayen yara ko hotunansu, kuma ki rubuta wannan ɓaro-ɓaro, domin shi ne abin da shugaban makaranta zai fara tambaya.

Kafin duk wannan, akwai abin da ba ki ambata ba, kuma ya dame ni. Kina da amincewar hukumomin nan a rubuce? Alkawarin baki daga jami'i ɗaya bai isa ki sa sunansu ko tambarinsu a talla ba. Ki nemi sashen wayar da kan jama'a na kowacce. Takardar na fitowa, kin samu tallan da kuɗi ba ya saye, domin wasiƙar da ke ɗauke da sunan hukumar kashe gobara tana da kwarjinin da taki ba ta da shi, kuma galibinsu suna da makarantun da suka saba ziyarta. Ki kuma tuna mutanen nan suna bakin aiki ne. Ana cikin nuna wa yara hular kwano da tukunyar iskar numfashi, sai kira ya shigo, su bar ki da allo babu kowa. Ki ɗauki bidiyon zagayen motar tun da wuri, ki ajiye shi a gefe saboda irin wannan.

Ranar ma tana sayar da kanta in kin zaɓa da kyau. 4 ga Mayu ce ranar 'yan kwana-kwana ta duniya, 16 ga Oktoba kuma ranar wayar da kai kan farfaɗo da zuciyar da ta tsaya. Ranar agajin farko ta duniya tana faɗowa Asabar ta biyu a Satumba, sai ki yi naki a cikin makon. Ki guji lokacin jarrabawa, ki aika gayyata tun farkon zangon karatu. Idan makarantun daga ƙasashe daban-daban suke, ki raba zaman, domin lambar gaggawa ba ɗaya ba ce: 999 a Birtaniya, 911 a Amurka, 112 a Tarayyar Turai. In da Zoom, manhajar taro ta bidiyo, za ki yi, na kyauta yana yankewa a minti 40, yana ɗaukar mahalarta 100. Tun da kowane aji mahalarci ɗaya ne, gurbin ya wadatar, amma ki biya na wata guda don kada ya katse ana tsakiyar tambayoyi.

Batun kuɗi kuwa, ni ban ba ki shawarar sayar wa makarantu tikiti a karon farko ba. Jami'an nan kyauta za su zo, wasu hukumomin ma ba za su yarda a karɓi kuɗi da sunansu ba. Ki nemi mai ɗaukar nauyi: kamfanin inshora, masu sayar da na'urar gano hayaƙi da tukunyar kashe wuta, ko kamfanin waya. Abin da za ki kai musu shi ne yawan azuzuwa da jimillar ɗalibai, sannan rahoto bayan taro. Ki shaida wa hukumomin ko wane ne mai ɗaukar nauyin tun kafin ki sa hannu, kuma sunansa ya tsaya a farkon zama da takardar da yara za su kai gida. Makarantu biyun nan da kika samu, ki yi zaman gwaji da su, ki nemi izinin malamansu ki rubuta abin da suka ce, da shi za ki shiga ofishin kamfanin farko.