Karen ruwa biyu a garka: amsar tambayoyinku kan berje, karen Buzaye da masifar kaska

Assalamu alaikum manoma da makiyayan Damagaram da kewaye. Wannan karon saƙonnin da suka taru yawancinsu kan kare ne, ba gero ba wake ba, kuma ban yi mamaki ba tunda satar awaki da ta kayan garka ta sa kowa yana neman mai gadi. Malamai sun ce karen gona da na kiwo da na farauta an yarda a riƙe, toh tunda za'a riƙe gara a riƙe da sani.

Na fara da wani mai garka a Gidimuni. Yace ya sayi kwikwiyo jika 40 cikin garin Zinder, ance masa uban berje ne irin na Jamus, uwar kuma doguwar karyar nan ta Buzaye. Yanzu wata 5, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, haƙarƙari duk a waje duk da yana ci, yana tsoron ko an cuce shi, kuma yana so ya san ko zai iya gadin rake da dabino.

Malam kwantar da hankalinka. Kunnen berje kansa sai ya gama sake haƙora wajen wata 6 zuwa 7 yake tsayawa sosai, ita kuwa karyar Buzaye kunnenta a kwance yake har ta mutu, don haka naka zai iya tashi zai iya ƙin tashi, kuma ba da kunne ake gadi ba. Abin da ya kamata ka sani shine aikin da aka yi kowane ɗaya daga cikin iyayen nan domin shi, da ƙasar da aka yi shi don ita.

Berje karen tumaki ne tun asali. Wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus mai suna Max von Stephanitz shi ya kafa ƙungiyar irin a 1899, ya zaɓo daga karnukan makiyayan ƙasarsu, abin da yake nema kare mai jin magana mai son aiki kusa da mutum, shi yasa daga baya 'yan sanda da soja suka karɓe shi. Namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40. Gashinsa hawa biyu ne, na sama da wani mai laushi a ƙarƙashi, na ƙasar sanyi. Kuma irin yana da lalurar ƙugu da ake gado, zaka ga babban kare yana tafiya baya na rangaji tun bai tsufa ba.

Ita kuwa uwar, in da gaske ta Buzaye ce, 'yar kwarin Azawak ce, wannan yanki da ya taso daga arewacin Tawa har Menaka ta Mali, inda shanun Azawak ma suka samo suna. Karen Azawak dogo ne siriri, tsayi santimita 60 zuwa 74 amma nauyi kilo 15 zuwa 25 kawai, gashi ɗan kaɗan, ciki a tsuke. Haƙarƙarin da kake gani a jikin naka mai yiwuwa halitta ce ba yunwa ba, kar ka ɗura masa abinci don ka rufe su. Aikinsa a ruga biyu ne, gadin zango da dabbobi da dare, da korar zomo da barewa, da ido yake farauta kuma gudunsa ba wasa. Baya sakewa da baƙo, mutanen gidansu kawai ya sani. Turawa sun fara kwasarsa zuwa Yugoslabiya da Faransa a shekarun 1970, a Amurka ma babbar ƙungiyar masu karnuka ta karɓe shi cikin jerin irinta a 2019, mu nan kuwa sai a ce ai karen daji ne a jefe shi da dutse, abin yana min ciwo wallahi. Sai dai ba kowane siririn kare a Zinder bane ɗan Azawak, da yawa karen gida ne na gargajiya, kuma wannan ba aibu bane don shi ma ya san zafin nan ya san ciwon nan.

Me zai fito? Makiyaya sun sani, in ka sa ragon balami cikin tumakin gida 'ya'yan ba sa fitowa iri guda, wani ya ɗauko girman uba wani ya ɗauko juriyar uwa. Haka kare. Cikin haihuwa ɗaya zaka samu mai gashi da mara gashi, mai jin kira da mai taurin kai. Amma a ganina gadi zai yi, tunda ta uwa ta uba duk masu tsaron gida ne. Kuma rabin uwar nan da mai sayarwa ya faɗa a hankali kamar abin kunya, shine zai fid da shi watan Afrilu da Mayu in zafi ya wuce digiri 40. Mutane na biyan kuɗi saboda sunan berje, alhali jinin gida ne ke riƙe da ran karen.

Abinci, tuwo da dusa kaɗai ba zasu gina shi ba. Haɗa masa da dafaffen kayan ciki, kan kifi, dafaffen wake, ɗan nono. Banda albasa ɗanya ko dafaffa, tana lalata masa jini, ku masu garka ku kula da sauran miya. Ruwa a inuwa koda yaushe. In kana so ya zauna lafiya da awaki da zabi toh tun yanzu ake nuna masa, da igiya a hannunka, don jinin uwar in ya ga abu na gudu sai ya bi.

Sai wani ɗan'uwa daga Miriya, shi ma karensa ruwa biyu ne da berje. Yace kaska ta cika masa kare, ya fesa masa piya-piya, karen ya kwana yana dalala da rawar jiki, da kyar ya tashi, bayan sati 2 kuma kaskar ta dawo. Wai wane magani ne ya fi piya-piya ƙarfi.

Haba ɗan'uwa! Wannan magana na faɗe ta na sake faɗa kuma kullum sai ta dawo. Piya-piya guba ce ta kashe ƙwari, dichlorvos ne a ciki, tana ratsa fata ta shiga jini, fatar kare da taka da ta yaron da zai zo ya shafa shi. Dalalar nan da rawar jiki da amai da zawo da numfashi sama-sama duk alamun gubar ne, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Haka maganin feshin wake, haka baƙin man mota da wasu ke shafawa don ƙazuwa. Duk wanda ya riga ya yi wannan kuskure, ya sa leda a hannu ya wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa nan take, ya ruga wajen likitan dabbobi akwai allurar da ke karya gubar, ba madara ba manja ba.

Kuma dalilin da ya sa ta dawo ba rashin ƙarfin magani bane. Kaskar kare ba jikin kare take zama ba, hawa take ta sha jini 'yan kwanaki ta sauka. Je ka ɗaga kunnensa ka duba ciki, ka buɗe tsakanin yatsun ƙafa, zaka ga ƙanana jajaye a maƙale da manya da suka ƙoshi suka kumbura suka yi toka-toka. Babbar nan mace ce, in ta ƙoshi sai ta faɗo ta hau bango ta shige tsaga ta zuba ƙwai dubbai. Ɗauki tocila da dare ka haska katangar ƙasa inda kake ɗaure shi, daga gindi har sama, zaka gansu suna hawa a jere. Kaga kenan ka kusa kashe karenka don ka kashe 'yan kaɗan ɗin da ke jikinsa, rundunar tana cikin bango tana jira.

Toh aikin biyu ne. Na farko wurin kwanansa, share shi, ƙone tsummokara da ciyawar da yake kwanciya a kai, kwaɓa ƙasa ka yaɓe duk tsagar bango, in da hali ka canza masa wuri na wani lokaci. In za'a yi feshi bango za'a fesa, kare da kaji da yara suna nesa har ya bushe. Na biyu jikinsa, cire da hannu ko ɗan hantsaki, kama ta daf da fata ka ja a hankali kar ka murɗa, jefa cikin gwangwani mai kananzir, kar ka fasa ta da farce. Kullum da yamma minti kaɗan, ba ko dala. In sun yi yawa akwai maganin wanka na amitraz da ake wa shanu, ana yi wa kare amma sai ma'aikacin kiwo ya auna maka yawan ruwa, banda ƙaramin kwikwiyo, kuma kar ya kusanci doki ko kyanwa. Akwai ƙwaya ta haɗiya da ke riƙewa har wata 3, tana aiki ban musa ba, amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu kuma in baka gyara bango ba kullum cikin saye kake.

Abin da yasa nake zafi kan kaska ga mai jinin berje musamman, akwai ciwon da take sakawa mai suna erlikiya, a Aljeriya aka fara gano shi a 1935, kuma an san berje ya fi sauran karnuka jigata da shi, lokacin yaƙin Biyetnam ya kashe wa sojan Amurka karnuka da yawa. Alamunsa zazzaɓi, ƙin abinci, rama, wani lokaci haɓo. Ɗaga leɓensa ka dubi dasashi, in ya yi fari fat maimakon ja-ja toh kar ka tsaya gwaje-gwaje. Maganinsa doksisiklin ne kusan sati 4 cur, likita zai auna da nauyinsa, masu tsayawa a kwana 5 don ya fara cin abinci su ne ke dawowa da kuka. Kuma dan Allah banda farasitamol da ibuprofen na mutane.

Wata Hajiya daga unguwar Birni tana tambaya ko ta aske ma nata karen gashi saboda zafi. A'a Hajiya, a taje masa a fid da na ƙarƙashin da ke zuba, in aka aske har fata rana ce zata ƙone shi.

Wani matashi daga Matamai wai ance a yanke kunne da wutsiya a riƙa sa barkono a abinci sai ya yi faɗa. Ƙarya ne, zalunci ne kawai.

Mai tambaya daga Magarya kan haɗa karnuka ruwa biyu su haihu, in ka haɗa ruwa biyu da ruwa biyu ba berje zalla zaka samu ba, 'ya'yan ma sun fi na farko rarrabuwa, kar ka sayar wa mutane da sunan da ba nasu ba. Ciki kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma kar a raba su da uwa kafin sati 8.

Akwai makiyayi daga wajen Tanut da yace tumakinsa 2 suna ta juyawa wuri guda, kai a karkace, har ya yanka, wai ko karen da ya kawo ne ya zo da maita. Ba maita bace Malam, amma mai yiwuwa da hannun karen a ciki. Akwai tsutsar ciki mai faɗi da ke zama a hanjin kare, ƙwanta na fita da kashinsa ya faɗa ciyawa, tunkiya ta ci, ya je ƙwaƙwalwa ya zama jakar ruwa ya danne ta. Kai kuma ka yanka ka jefa wa kare kan ɗanye, shi kenan ka mayar masa da iri. Wata 'yar'uwarta a huhu da hanta take yin jakar, kuma wannan har mutum tana kamawa. Don haka lokacin layya da duk wani yanka, kai ko huhu ko hanta mai ƙullin ruwa a ƙone ko a binne da zurfi, abin da za'a ba kare a dafa. Maganin da ke kashe ta a cikin kare prazikantel ne, aƙalla duk wata 3, kar ka dogara da bolus ɗin tumaki.

Na ƙarshe wata uwa daga Garin Malam, kwikwiyon da mijinta ya sayo ya ciji ɗanta a hannu, ɗan ƙarami ne ciwon, mai sayarwa yace irin Turawa ne baya hauka. Baiwar Allah babu irin da baya kamuwa da haukan kare, na Jamus ko na Azawak ko na bola. Hukumar lafiya ta duniya na ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, da yawa yara ne, kuma in alamu suka bayyana babu magani. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ki kai shi asibiti yau ba gobe ba a fara masa allura, kar ki tsaya shafa gashin kare ko toka. Karen a ɗaure shi kwana 10 ana dubansa, kar a kashe kar a sake shi, in ya mutu ko ya canza hali ki sanar da asibiti da ofishin kiwo. In ya fita lafiya kuma ya kai wata 3 a yi masa rigakafin hauka, a sabunta duk shekara, a haɗa da ta zawon jinin nan mai kashe 'yan kwikwiyo, ki karɓi karne, wato takardar rigakafi, mai tambari ki ajiye.