Tambayoyinku kan fasaha: kyamarar haɗin gida mai fitar da hoto nan take

Tambaya daga wani mai gyaran waya a Kasuwar Dole: Malam, na haɗa kyamara da akwatin katako, na sa mata fim ɗin Instax Mini, kuma ina murza takardar da kwalba a ɗaki mai duhu, amma kullum wani gefen hoton ba ya fitowa. Gilashin gaba zan sauya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka bar gilashin nan ya huta, kwalbar ce ke cinye maka kuɗi, domin takardar hoto ba ƙullin alkaki ba ce. Wannan abu yana damuna ƙwarai, saboda kusan duk mai rubuto mini yana ɓata makonni wajen sassaƙa akwati da shafa masa fenti, sannan ya raina sashen da aikin ya rataya a kansa. A cikin faffaɗan gefen kowace takarda akwai 'yar jaka mai ɗauke da sinadarin wanke hoto, kuma sai an fasa ta an shimfiɗa sinadarin da kauri ɗaya a kan fili mai milimita 62 da 46 kafin hoto ya bayyana. Tun kyamarar farko da Edwin Land, mai kamfanin Polaroid, ya fitar a kasuwa a Amurka a 1948, ƙarafa biyu masu juyawa, waɗanda masu gyara ke kira rola, su ne ke yin wannan aiki, kuma hannun mutum ba ya iya riƙe matsi iri ɗaya kamar su. Ka nemi matacciyar kyamarar Instax, ka ciro rolarta tare da mazauninta ba tare da ka taɓa tazarar da ke tsakaninsu ba, ka sa mata mariƙin juyawa. Gefen jakar ne ke fara shiga, kuma idan ka soma juyawa kada ka tsaya a tsakiya, domin duk inda ka dakata layi zai fito. Ni dai a lokacin hunturu ba na sa sabon fakiti sai na goge rolar da ƙyalle mai ɗan laima, saboda ƙurar Damagaram idan ta manne tana barin ɗigo a jere, tazara ɗaya, daga sama har ƙasa. Idan sinadarin ya taɓa fatarka ka wanke da ruwa nan da nan, yana da kaifi kamar soda.

Tambaya daga wata ɗaliba a unguwar Birni: Tawa ba ta da gilashi, huda ce na yi da allura a gwangwanin lemo, amma hoton ƙofar fada da na ɗauka ya fito fari fat.

Amsa: Ƙanwata, haske ya yi yawa. Ƙarfin fim ɗin Instax ISO 800 ne, wato yana saurin kama haske, don haka idan hudar ta kai milimita 0.25 kuma nisanta da fim milimita 50, da tsakar rana buɗe hudar na kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya isa. Ki liƙe kusurwoyin akwatin da baƙin salatif, ki gwada da hantsi ko bayan la'asar.

Tambaya daga Sabon Gari: Na sa fim ɗin Polaroid, sai rubutu ya fito a juye.

Amsa: Polaroid ta fuska yake karɓar haske, shi ya sa kyamarorinsa ke da madubi a ciki mai daidaita hoton. Instax ta baya yake karɓa, ka koma masa.

Tambaya daga wani ɗan kabu-kabu a Zango: Launin hotunana ya dushe tun shigowar bazara.

Amsa: Fujifilm, kamfanin da ke yin Instax, ya tsara fim ɗin ne don zafin digiri 5 zuwa 40, Afrilu da Mayunmu kuwa suna wuce haka, balle ƙarƙashin sirdin babur. Ka ajiye fakitin da ba a buɗe ba a firji, ban da sashen ƙanƙara, ka fito da shi sanyin ya sake shi kafin ka buɗe.