Amsa: a sallami koci bayan wasa goma?

Malam, ka tambaya ko a sallami kocin ƙungiyar ƙwallon kwando mai matasan 'yan wasa don ta sha kashi a wasanni goman farko. A'a, bari a kai wasa 20 zuwa 25 cikin 82 na kakar NBA (babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka) tukuna. Dubi ƙungiyar San Antonio Spurs a kakar 2023-24. Kocinsu Popovich ya ba Jeremy Sochan aikin raba ƙwallo alhali ba gurbinsa ba ne, ƙwallo ta riƙa zubewa a hannun abokan hamayya, tauraronsu Wembanyama ba ya samun ta kusa da raga, suka sha kashi sau 18 a jere. Da Tre Jones ya karɓi aikin a Janairu, wasansu ya gyaru sosai. Ka riƙa lura da yawan ƙwallon da ƙungiyar da kake magana a kai ke zubarwa, da 'yan wasa biyar da koci ke rufe wasa da su.