Injamena zuwa Jidda: awa huɗu ce ko yini guda?

Tambaya: Salamu alaikum. Ni mazaunin Kusiri ne, garin Kamaru da ke tsallaken kogi da Injamena, ina so in kai mahaifiyata Umara, za mu tashi ta Injamena. Ejan ya nuna mini tikiti biyu. Mai araha sai mun yi jiran awa 11 a Adis Ababa, mai tsadar kuma jiran awa 3 ne. Ni dai an ce mini Jidda tafiyar awa huɗu ce. Tsohuwar tana fama da ciwon gwiwa. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a je a dawo lafiya.

Wanda ya ce maka awa huɗu bai yi ƙarya ba, sai dai ya ba ka rabin labari. Daga filin jirgin Hassan Djamous na Injamena zuwa Jidda, a miƙe, kusan kilomita 2,800 ne, jirgi kuwa yana cin wajen kilomita 800 a awa. Wannan lissafin na jirgin da ba ya yada zango ne, irin na jigilar alhazai. Ta Adis za ku fara yin kimanin kilomita 2,600, sannan ku ƙara 1,400 zuwa Jidda. Ga shi tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage da dama suna kewaye sararinta, hanya ta ƙara tsawo.

Ka kuma lura da agogo. Lokacin da ke jikin tikiti na garin da aka ambata ne, kuma Adis da Jidda duk suna gabanmu da awa biyu. Mutane da yawa a nan suke rikicewa.

Da kai kaɗai ne, da na ce ka ɗauki mai araha, ka yi matashi da jakarka ka kwana a kujera. Amma da Hajiya a hannu, a'a. Adis gari ne a kan tudu, ya haura mita 2,300, sanyin darensa ba irin namu na bakin kogin Logon ba ne. Na taɓa ganin wata dattijuwa a can ta naɗe ƙafafu da sallaya, ɗanta yana ta zirga-zirgar neman ruwan zafi, maganinta kuma yana cikin akwatin da aka riga aka auna. Abin da suka rage a kuɗin tikiti, a jikinta ya fita, don ta isa Makka ba ta iya ɗawafi sai a keke. Sayi na awa 3 ɗin. In aljihu ya ƙi, to ka tambayi ejan ko kamfanin yana ba da masauki a dogon jira, ya rubuta maka a takarda, kada ka yarda da maganar baki.

Kafin ka biya, ka tabbatar tashin biyu a tikiti ɗaya suke, domin in jirgin farko ya makara kamfani ne zai sama muku wani, kaya ma sai a Jidda za ku karɓa. Ka sa a rubuta cewa tana buƙatar keken guragu tun ranar saye. Magunguna su zauna a jakar hannu.

Haraminka ma kada ya shiga akwati. Ka ɗaura shi tun a Adis, don a sama za ku wuce miƙati, kuma canza tufafi a banɗakin jirgi wahala ce. Ranar tafiya ku tsallake gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kusiri da Injamena, da sassafe, kafin manyan motoci su cushe ta.