Walat ɗin nan mai kama da takarda, za ta iya da aljihun ɗan kabu-kabu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kabu-kabu na, Mabera cikin Sakkwato nike zaune. Ƙanena da ke karatu waje ya aiko man da wata walat siririya kamar takardar wasiƙa, ya ce ba ta yagewa, ruwa ba ya ɓata ta, kuma wai in ta tsuhwa ana narka ta a yi wani abu da ita. Ni dai na ja ta da ƙarhi ba ta yage ba, amma hankalina bai kwanta in zuba kuɗɗina ciki ba. Mi a gaskiyar abin ga? Kuma ta hi alaben hwata da muka saba da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba. Abin da ka riƙe ba takarda ba ce ko da yake ido na cewa takarda ce, roba ce, sunanta Tyvek, wani kamfanin Amurka mai suna DuPont ya fara sayar da ita tun 1967. Irin robar jarka ce ake mayarwa zare siriri ƙwarai fiye da gashin kai, a watsa shi ta ko'ina ba tare da saƙa ba sannan a danne shi da zafi ya manne. To tunda zaren ya bi ta kowace fuska ba shi da layin da zai bi ya yage, shi ya sa ka ja ka ja ta ƙi. Amma almakashi ko reza yanzun nan za su raba ta biyu, wannan kam ka sani. Da ita ake yin ambulan ɗin aika saƙo ƙasashen waje, da fararen rigunan kariya irin waɗanda ma'aikatan lafiya suka riƙa sawa lokacin korona.

Ga wanda ke yini kan mashin akwai abin so a cikinta gaskiya. Gumi ba ya ratsa ta, kuma kai ka fi ni sanin yadda aljihu ke jiƙewa sharkaf a watan Afrilu a garin nan, ka ciro dubu ɗaya ta yi laushi kamar an tsoma ta a ruwa har mai shago ya riƙa juya ta yana kallonka. In ruwan damina ya kama ka a hanya robar ba za ta sha ba, sai dai bakinta a buɗe yake, ruwa na iya shiga ta nan, kar ka ɗauka tulu ce mai murfi. Sannan ba ta da kauri, ba za ta tokare maka cinya ba, ba ta kuma yin tudu a aljihun gaban riga balle ta ja idon mai yankan aljihu a cikin kasuwa.

Inda nake so ka kula sosai shi ne wuta. Robar nan tana narkewa a wajen digiri 135, rana ba za ta kai nan ba ko a tsakiyar bazara, amma salansar mashin ɗinka ta wuce nan nesa, haka dutsen guga, haka garwashin mai shayi. Ka manta ta a aljihu a kai kaya wajen mai guga, to sai dai ka ɓamɓaro ta daga jikin yadin, kuma in akwai naira 20 ko 50 a ciki su ma roba ne, tare za su ƙanƙance.

Sai girma. Da yawa daga cikin walat ɗin nan an yanka su ne daidai dala, ita kuwa dala faɗinta bai kai santimita 7 ba, namu ɗari biyar da dubu ɗaya sun kusa santimita 8. Ka gwada sa dubu ɗaya yanzu ka gani, in kanta ya leƙo waje to kullum bakin kuɗin zai riƙa lanƙwashewa yana cinyewa. Kuma an yi ta ne don mai kati biyu uku da 'yan takardun kuɗi kaɗan, irin wanda komai tiransifa yake yi ko ya tsaya wajen mai POS. Kai da ke tara canji tun safe, hamsin hamsin ɗari ɗari har su yi dami, in ka cusa mata su za ta buɗe baki ta saki, ba za ta koma yadda take ba.

Maganar narkawa kuma gaskiya ce a ƙa'ida, robar jarka ana sake sarrafa ta. To amma wa zai karɓa? 'Yan gwangwan da ke zagaye unguwa da kilo suke saye, jarka da fasasshen bokiti da kujerar roba, walat ɗin da ba ta da wani nauyi kuma mai kama da takarda ba wanda zai ɗora ta a sikeli. Mafi yawa bola za ta tafi ta haɗu da ledojin da ke toshe mana kwalbatoci, kuma ba ta ruɓewa. Amfaninta na zahiri a nan shi ne ta daɗe ba ka sayi wata ba.

Ko ta fi alabe? Ni a wurina a'a, kuma ba don son gida kawai na faɗa ba. Fatar jan akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa haurawa da ita Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Majema su jeme ta da bagaruwa, dukawa su ɗinka, in ɗinki ya saki ka koma a gyara maka kana tsaye, ita kuwa waccan in reza ta taɓa ta shi ke nan. Illar fata ita ce tana shan gumi, tana da kauri, kuma sai ka lura da masu sayar da ledar da aka yi wa fenti da sunan fata, wadda ke ɓarewa cikin 'yan watanni. Ka shinshina, ka duba bayanta, fata ta gaske tana da ƙanshinta da gashi-gashi a ciki.

Abin da zan ce ka yi, ka sa lasisi da katin banki da katin ɗan ƙasa a ta ƙanenka ka ajiye a aljihun ciki inda gumi ya fi yawa, kuɗin aiki kuma ka shiga Madunka, unguwar dukawa, ka sa a yanka maka alabe daidai dubu ɗaya, ka tafi da takardar kuɗin a hannu baduku ya auna a gabanka.