Ta ina za a fara zaman tattaunawa tsakanin Musulmi da Kirista?

Malam, ka ce ana zaman doya da manja tsakanin matasan Musulmi da Kirista a unguwarku a Sakkwato, kana tambaya ko tattaunawa za ta yi amfani. Za ta yi, muddin ba a mai da ita muƙabala ba. Nan aka fi yin kuskure: kowa ya zo da hujjar kayar da wani, a tashi baram-baram.

Ku fara da abin da ya dame ku duka, kamar matsalar ruwa, ƙarar lasifika da dare, ko tare hanya ranar Juma'a da Lahadi. Mai unguwa ya zaunar da liman da fasto, su karɓi lambar juna, don in jita-jita ta ɓulla a WhatsApp a kira juna kafin ta bazu. Kada ku jira sai rikici ya ɓarke. Majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai ta Najeriya, wato NIREC, wadda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke jagoranta tare da shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN, tun 1999 aka kafa ta, amma ba ita za ta shigo lungunku ba.

In magana ta kai ga zargin ɓatanci ko barazanar kisa, ta fi ƙarfinku. Ku sanar da hakimi da 'yan sanda nan take.