Abin da ya sa nake hana ka cika wa ƙudan fatsa gashi

Ɗana, jiya muna tattara kaya ka tambaye ni: "Baba, me ya sa kullum kake sa ni fige rabin gashin makwarwar nan in zubar, kuma zagaye ɗaya da rabi kawai zan naɗa? Ƙudan yana fitowa tsirara kamar ba a gama shi ba. Da gashin ya yi yawa, ai kifi zai fi hango shi." Na ce ka bari sai na zauna, don tambayar ta wuce amsar tsaye. To, ga ta.

Fara tuna ruwan da aka yi wa ƙudan nan, wato ƙwaron ƙarya da muke ɗaurawa da zare da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya don yaudarar kifi. Kogunan arewacin Ingila ne, irin su Wharfe da Ure a nan Yokshaya, ruwa mai sanyi mai gudu a kan duwatsu. Kifin turawut yana tsayawa ne ya fuskanci inda ruwa ke zuwa, yana jiran abin da zai kawo masa. Abin da yake kawowa kuwa ƙananan ƙwari ne: wanda yake tsakiyar saɓa, wanda iska ta kaɗo ya faɗa, wanda ya nutse fiffikensa ya jiƙe. Ka taɓa ɗora ɗaya a tafin hannunka? Siriri ne kamar ƙwayar shinkafa, da ƙafafu shida kamar zare. Shi muke kwaikwayo, ko da yake mutanen nan gizo-gizo suke kiran ƙudan, saboda yadda gashinsa yake barbaje.

Gashin makwarwa laushi gare shi, ba irin na wuyan zakara ba da ake yi wa ƙuda mai yawo a saman ruwa. Idan silin kaɗan ne, kowane ɗaya yana da sararinsa. Ruwa ya tura shi ya kwanta a jikin ƙugiya, ya sassauta ya miƙe, sai ka rantse ƙwaro ne yake wutsil-wutsil. Motsin nan kifi yake kai wa hari. Idan ka cika gashi, silin sai su manne da juna su zama dunƙule kamar jiƙaƙƙen tsumma, ko su riƙe iska ƙudan ya ƙi nutsewa. Gani ya kori ji: cika kwano da ruwa, ka ɗaura naka da nawa a zare, ka ja su a hankali, ka tsaya, ka sake ja. Duba wanda yake numfashi.

Ni ma na yi wannan tunanin naka. Dozin na farko da na ɗaura, kowanne na zagaya masa gashi sau huɗu, na kai wa dattijon da ya koya mini ina jin daɗi. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki reza ya kankare su ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ya fito, ya miƙo mini ƙugiyoyina. Na ji zafi a ranar, amma har yau ina yi masa fatan alheri.

Ga yadda nake so ka yi ƙudan da ake kira makwarwa-da-ruwan-goro. Ƙugiya mai lamba 14. Zaren siliki ruwan goro, na kamfanin Pearsall's mai lamba 6A idan ka samu. Fara daga bayan kafar ƙugiya, wato hujin da ake zura zaren fatsa, ka naɗa zagaye na taɓa zagaye, ba tazara ba hawan juna, ka tsaya daidai saitin tsini. Kada ka kai lanƙwasa, nan ne sababbin hannu suke yawan zarcewa. Ka dawo gaba ka bar ɗan wuri kusa da kafa. Sai ka zaɓi gashin bayan makwarwa, mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige, wanda tsawon silinsa ya kai tsawon jikin ƙugiya ko ya ɗara kaɗan. Cire audugar gindinsa. Riƙe bakin da hantsaki ka shafa silin baya su miƙe, ka fige gefe guda. Ta baki za ka ɗaure shi, don nan tsinken ya fi siriri, shi ne ba zai kumbura maka kai ba. Lanƙwasar gashin ta dubi baya. Naɗa a hankali, kana shafa silin baya da yatsa, domin tsinken nan ba ya jure ja, yanzu ya tsinke a hannunka. Zare biyu a kai, yanke ragowa, ƙulla ƙaramin kai.

Kada ka canja mini siliki da zaren roba don ya fi araha. Siliki idan ya jiƙa launinsa yana nuna, ruwan goron nan ya koma ja mai duhu, kuma wannan launin kifi yake gani, ba wanda kake gani a kan tebur ba. Haka rawaya mai lamba 4: goga masa kaki sosai, sai ya juye zuwa ruwan ganye-ganye. Da shi ake yin ƙudan kazar ruwa, mai gashin wannan tsuntsuwa maimakon na makwarwa, wanda muke dogara da shi a ƙarshen Maris da Afrilu. A nan ma ƙa'idar ɗaya ce. Gashin mol, dabbar nan mai haƙa ƙasa, wanda ake sa wa jikin ƙudan, taɓa zaren kawai za ka yi da shi kamar ƙura ta sauka a kai. Idan ba ka ganin rawayar ta cikinsa, ya yi yawa, kakkaɓe.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Wani marubucin fatsa mai suna T. E. Pritt ya tattara ƙudaje 62 na masu fatsar Yokshaya ya buga a 1885, kuma tun kafin shi ake ɗaura su a ƙauyukan bakin kogunan nan. Mutane ne da suka yi shekaru tsaye a ruwa suna jefa uku-uku a zare ɗaya, suna lura da wanda kifi ya ɗauka da wanda ya ƙyale.

Gobe ka ɗaura mini goma sha biyu. Kowanne ka ɗaga shi saitin taga: ina so ka iya ƙirga silinsa, ka kuma ga jikin silikin ta tsakaninsu. Waɗanda suka yi, ranar Asabar mu tafi da su Wharfe, kai za ka fara jefawa.